Taskar Manazarta ta Tarihin Hausawan Legas: Bayanin Ci Gaban Aiki

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau bayan sallar la'asar muka zauna mu uku a Agege, muka yanke shawarar fara aikin da muka daɗe muna ɗagawa, wato tattara duk abin da aka rubuta ko aka faɗa game da zaman Hausawa a Legas a wuri guda, domin ɗalibin da zai zo bayanmu ya sami tudun dafawa. Kowannenmu yana da nasa tarin. Ni ina da jerin manazarta da na buga a kwamfuta tun ina rubuta kundin digirina na biyu, Malama tana da littattafan rubutu guda biyu da ta cika da hannu, ɗan'uwanmu na uku kuwa, wanda yake karatun injiniya a unguwar Akoka ta nan Legas, wayarsa cike take da hotunan shafukan da ya ɗauka a ɗakunan karatu daban-daban.

Mun ɗan kai ruwa rana wajen zaɓen manhajar da za mu zuba su a ciki. EndNote sai an saya, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin aikin da babu mai ɗaukar nauyinsa. Mendeley kyauta ce, amma tun 2013 tana hannun kamfanin Elsevier, kuma a watan Satumba na 2022 aka daina bayar da tsohuwar manhajarta ta kwamfuta aka koma ga sabuwa, abin da ya sa Malama ta ce ba ta son mu yi gini a filin da mai shi zai iya sauya masa fasali ba da shawararmu ba. Muka tsaya a kan Zotero, wadda aka fara fitarwa a 2006 daga Jami'ar George Mason ta Amurka, saboda kyauta ce, tana aiki ko babu intanet, kuma ana iya kwashe bayanan a fita da su duk ranar da aka ga dama.

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Mako biyun nan an yi su ne a kan abin da ya zo da sauƙi. Duk maƙalar da take da lambar DOI, wato lambar shaida da ake ba maƙala a intanet, da zarar an liƙa lambar sai sunan marubuci da na mujalla da shekara da shafuka su sauko da kansu. Haka ma littattafan da suke da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya. Manyan ayyukan da kowa ya sani a wannan fage, irin su binciken Abner Cohen na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, da na Mahdi Adamu na 1978 a kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma, da na Paul Lovejoy na 1980 a kan fataucin goro, duk mun same su a rumbunan manyan ɗakunan karatu, sai 'yan gyare-gyare.

Sai dai a cikin abubuwa 146 da muka shigar zuwa daren jiya, 41 kaɗai suka shiga ta wannan hanya. Sauran duk da hannu muka buga su: kundayen digiri da ba a wallafa ba, takardun da aka gabatar a tarurrukan ƙara wa juna sani, mujallun sassan jami'o'i da aka buga fitowa biyu ko uku suka tsaya, da ƙasidun da ƙungiyoyin unguwa suka buga lokacin naɗin sarauta. Tun a nan na fara fahimtar cewa an ƙera waɗannan manhajoji ne domin tushen bayanin da aka haifa da lamba, alhali yawancin namu ba su da ita.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Batun sunaye ya cinye mana zaman yau gaba ɗaya, kuma ina ganin ya cancanci hakan, domin a nan ne babbar ɓarakar take.

Duk manhajojin nan suna ɗauka cewa mutum yana da sunan dangi wanda ake gada, sannan da sunan yanka, kuma da na dangin ake jera manazarta. Bahaushe kuwa sunansa na yanka shi ne sunansa, abin da ya biyo baya yana iya zama sunan mahaifi, ko na gari, ko laƙabi, ko sarauta. Idan aka bar manhaja ta raba sunan Malam Aminu Kano da kanta, sai ta fitar da "Kano, A.", ta mai da birni marubuci. Mu'azu Haɗeja ya zama "Haɗeja, M.". Na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi muni, domin Tafawa Ɓalewa sunan gari ɗaya ne mai kalma biyu, amma sai ta tsaga shi gida biyu ta rubuta "Ɓalewa, A. T.". Waziri Junaidu na Sakkwato kuma yakan fito a matsayin "Junaidu, W.", inda sarautarsa ta koma sunan yanka aka taƙaita ta da harafi ɗaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa mun same shi a taskarmu da siga biyar, gwargwadon yadda kowane rumbu ya rubuta shi: wani Dan Fodio, wani Fodio kawai, wani ibn Fudi, har manhajar ta ɗauke su mutum biyar.

Ni na tsaya a kan cewa a rubuta kowane sunan Hausa cikakke a gurbi guda, tunda manhajar ta ba da damar a haɗe gurbin suna biyu ya zama ɗaya. Malama ba ta yarda ba. Ta ce, "Malam, malaman jami'armu na yau su da kansu suke sa hannu da sunan gari ko na uba a matsayin sunan ƙarshe, kuma da shi duniya ta san su. Idan muka juya musu suna, wanda ya zo neman aikinsu ba zai same shi a inda ya saba ba, mu kuma mun yi musu gyaran da ba su nema ba." Na ga gaskiyarta. Abin da muka daidaita a kai shi ne, marubucin da ya wallafa aikinsa a tsarin boko da sunan ƙarshe a bar shi yadda ya zaɓa wa kansa. Malaman da suka gabaci boko, da mawaƙa, da dattawan da muka yi hira da su, a rubuta sunansu cikakke a gurbi guda, a jera su da sunan yanka, a ajiye Alhaji da Malam da Shehu da sarauta a gurbin ƙarin bayani. Wannan ya sa madogarar cikin rubutu ta ɗan yi tsawo, amma na fi son tsawon a kan a kira mutum da sunan da ba a taɓa kiransa da shi ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

Baƙaƙe masu ƙugiya suna shiga lafiya kuma suna fita lafiya, wannan kam babu matsala. Matsalar tana wajen nema. A wurin kwamfuta ɗ da d baƙaƙe ne biyu da ba su da alaƙa, don haka wanda ya nemi "Dambatta" ba zai ga "Ɗambatta" ba, wanda ya nemi "kasa" ba zai ga "ƙasa" ba. Rumbunan ƙasashen waje kuma kusan duk sun zubar da ƙugiyar, haka ma littattafan Hausa da yawa da aka buga a maɗaba'un da ba su da waɗannan baƙaƙe. Mun amince mu rubuta take yadda yake a bangon littafi, ko da kuskure, sannan mu sa daidaitacciyar sigar a ƙarin bayani domin mai nema ya same ta ta kowace hanya.

Akwai wani abin da ya fi wannan muhimmanci ga tarihin Legas musamman. Rundunar Hausawa da Baturen Ingila John Glover ya kafa a nan a 1863, shekara biyu bayan Ingila ta karɓe Legas, takardun wancan zamani sukan rubuta sunanta da "Houssa". Jamusawa suna rubuta "Haussa", Faransawa "haoussa". Ɗalibin da ya buga "Hausa" ya nema zai wuce shekaru masu yawa na tarihinmu a garin nan bai gan su ba. Manhajar ba ta san cewa waɗannan kalmomi abu ɗaya suke nufi ba, saboda haka mun ƙirƙiri alamomin jigo na kanmu da Hausa, kamar "sojan Gulofa" (wato Glover), "fataucin goro", "cinikin shanu", "sarauta", "masallatai da makarantu", tare da sunayen unguwanni: Agege, Idi-Araba, Obalende, Mil 12, Alaba Rago. Kowane abu da ya shiga sai an maƙala masa aƙalla jigo ɗaya da unguwa ɗaya.

Asabar, 15 ga Maris, 2025

Aiki ya ja baya saboda azumi. Abu ɗaya na rubutawa shi ne ma'ajiyar kyauta ta intanet, wadda megabayit 300 ce kawai, ta cika tun makon jiya, domin hotunan shafuka suna da nauyi, kuma duk abin da aka ɗora a taskar haɗin gwiwa a kan kason mai taskar yake hawa. Ƙarin wuri da dala ake biyansa, katunanmu na naira kuma ba sa biyan kuɗin waje. Mun koma daidaita bayanan manazarta kaɗai ta intanet, hotuna da sautuka kuma muna ajiye su a faifan ajiya guda biyu, ɗaya a wurina ɗaya a wurin Malama, kowane fayil da lambar da ta dace da ta cikin taskar.

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Ranar Laraba na je wurin wani dattijo a Zangon Agege wanda mahaifinsa ya yi fataucin goro tsakanin nan da Kano. Na same shi a zaure a kan buzu, da rediyo a gefensa. Bayan mun gaisa na gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya aiki jikansa cikin gida ya ɗauko wata gafaka da fatarta ta yi baƙi saboda shan hannu. A cikinta akwai warƙoƙi goma sha bakwai, an rubuta su da ajami da tawadar allo, gefensu ya ɗan ci saboda laimar Legas. Lissafi ne na huhunan goro da aka ɗora a jirgin ƙasa, da adadin ƙwarya a kowane huhu, da sunan dillali, da sauran kuɗin da ake bin kowa. A ƙasan warƙa ta ƙarshe an rubuta shekara ta 1372.

Na ce, "Baba, mahaifinku ne ya rubuta wannan da hannunsa?"

Ya ce, "A'a, ɗana. Shi yana faɗa ne, malamin da ke limanci a masallacin bayanmu yana rubutawa. Wannan ma ba ita ce ta farko ba, ta farkon ruwa ya ci ta, yayana ne ya sake kwafe ta."

Da na dawo gida na zauna shigar da ita, sai na ga guraben manhajar ba su ishe ta ba. Nau'in rubutun hannu a manhajar ya san marubuci da mai taimakawa da mai fassara kawai. Wannan takarda kuwa tana da wanda ya yi shifta, da wanda ya rubuta, da wanda ya kwafa, da wanda yake ajiye da ita a yau, kuma duk wanda ya yi mu'amala da rubutun ajami ya san cewa mai kwafa da mai ajiya su ne ƙashin bayan ingancin takarda, domin ta hannunsu ake bin sawunta. Sai shekarar. Da na buga 1372, manhajar ta ɗauke ta ta Miladiyya, ta kai takardar can farkon jeri, kimanin shekara ɗari kafin jiragen Fotugal su fara zuwa gaɓar Legas. Shekarar Hijira ta 1372 ta faro ne a watan Satumba na 1952 ta ƙare a Satumba na 1953, saboda haka ba ta da takwara guda a Miladiyya, gurbin kwanan wata kuma ba ya ɗaukar kalanda biyu. Na rubuta 1952 a gurbin domin jeri ya daidaita, na sa "1372 Hijiriyya, daidai da 1952/1953" a ƙarin bayani, amma raina bai kwanta ba, domin shekarar da aka rubuta a jikin takardar ita ce ta koma gefe, wadda na lissafo kuma ta hau gaba.

Hirar da na ɗauka da shi ta minti hamsin ita ma da nata. A sassan nazarin Hausa da na tarihi na jami'o'inmu an saba jera waɗanda aka yi hira da su, da shekarunsu da sana'arsu da wurin hirar da ranarta, saboda shekarun mai ba da labari su ke nuna abin da ya gani da idonsa da abin da ya ji a bakin wasu. Manhajar tana da nau'in hira, amma babu gurbin shekaru ko sana'a. Salon rubuta madogara na APA kuma, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019 kuma sassa da yawa suke tilasta wa ɗalibai bin sa, yana ɗaukar hirar da mai karatu ba zai iya komawa gare ta ba a matsayin zance tsakanin mutum biyu, a ambace ta a cikin rubutu kawai, ba ta shiga jerin manazarta. Ke nan dattijon da ya ba ni abin da babu shi a kowane littafi ba zai sami layi ɗaya a ƙarshen kundi ba. Wannan shi ne ya ƙarfafa mini niyyar ba kowane sauti lamba da wurin ajiya tabbatacce, domin ya zama abin da ake iya komawa gare shi.

Kafin in tashi ya kama hannuna ya ce, "Sunayen masu bashin nan kada ka sa su inda duniya za ta gani. Jikokinsu suna nan unguwar, muna salla tare." Na yi masa alkawari. Hotunan warƙoƙin ba za su hau intanet ba, bayanin da ke taskar kuma bai ambaci sunan kowa ba.

Asabar, 3 ga Mayu, 2025

Malama ta shiga jirgin ƙasa daga tashar Agege zuwa ta Moniya a Ibadan, ta yi kwana uku a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Ibadan. Ta dawo da bayanan fayiloli 23, yawancinsu daga jerin Comcol 1, wato takardun ofishin Kwamishinan Mulkin Legas, da kuma CSO 26 na ofishin Babban Sakatare. A irin wannan tushe lambar fayil ita ce komai, domin da ita ma'aikaci zai shiga ya ɗauko maka. Manhajar tana da gurbin sunan gidan ajiya da na lambar, sai dai da muka gwada fitar da jerin da salo daban-daban, wasu sun buga lambar wasu sun haɗiye ta. Dole duk wanda zai yi amfani da taskar ya duba wannan da idonsa kafin ya miƙa aikinsa.

Wani abin lura kuma, shafukan jarida na mako-mako da marubuci ɗaya yake yi da take ɗaya, manhajar tana tara su a jerin abubuwan da take zaton maimaici ne, tana ba da shawarar a haɗe su. Mun hana kowa taɓa wannan maɓalli sai mu biyu mun duba, kuma mun fara ƙara ranar fitowa a ƙarshen taken irin waɗannan.

Asabar, 24 ga Mayu, 2025

Mun fitar da jerin gwaji na farko domin wata maƙala da za a rubuta da Hausa, sai ga Turanci ya cika shi. Tsakanin sunayen marubuta biyu kalmar haɗi ta Ingilishi ce, inda babu shekara gajerun baƙaƙen Ingilishi ne, haka wajen edita da shafi da fitowa. Salon madogara a Zotero da Mendeley duk da tsari ɗaya ake rubuta su, wanda ake kira CSL, kuma yana da fassarar waɗannan ƙananan kalmomi a harsuna da dama, har da Larabci, amma ba mu sami Hausa a jerin ba. Wani salon kuma ya bi takunan Hausa yana ɗaga baƙin farko na kowace kalma, "da" ta zama "Da", "na" ta zama "Na", domin ƙananan kalmomin Ingilishi kaɗai ya san ya ƙyale. Maganin wannan na biyu mai sauƙi ne: idan aka rubuta "ha" a gurbin harshe, sai ya bar taken yadda aka shigar da shi. Mun bi duk abubuwan Hausa 118 da ke taskar mun yi musu haka.

Na farkon ya fi wuya. Ɗan'uwanmu injiniya ya kwafi fayil ɗin salon, ya buɗe shi, ya musanya kalmomin ɗaya bayan ɗaya: "da", "da wasu", "babu shekara", "edita", "sh." domin shafi, "fitowa ta", tare da sunayen watanni. Ya kuma ƙara layin da zai sa lambar fayil ɗin gidan ajiya da abin da muka rubuta na shekarun mai hira su riƙa fitowa. Ya ɗauke shi dare huɗu. A nan ma mun tarar da abin da ba laifin manhaja ba ne, domin mu kanmu masu rubutu da Hausa ba mu daidaita a kan waɗannan kalmomi ba; a kundaye shida da na duba daga jami'o'i daban-daban, na ga "da wasu" na ga "da sauransu", na ga "sh." na ga "shf.". Mun zaɓi ɗaya a kowane wuri mun rubuta dalilinmu.

Asabar, 21 ga Yuni, 2025

Taskar ta kai abubuwa 312. A makon nan mun gwada fitar da ita zuwa BibTeX, tsarin jera manazarta na manhajar tsara rubutu ta LaTeX, saboda ɗaliban kimiyya da ke rubutu da ita. Tsarin BibTeX tun 1985 yake, ya girmi tsarin baƙaƙen da kwamfutoci suke amfani da shi a yau, saboda haka idan ya zo taƙaita sunan da ya fara da Ɗ ko Ƙ, kamar Ɗanjuma ko Ƙasimu, sai ya yanke baƙin a tsakiya ya fitar da shirme ko aikin ya tsaya cak. Da muka koma biblatex da biber, waɗanda su ne sababbin madadin BibTeX, muka haɗa da XeLaTeX, wani nau'in LaTeX da ya san baƙaƙen zamani, da rubutun da yake da ƙugiyoyin, komai ya fito daidai. Mun rubuta wannan a takardar ƙa'idojinmu, wadda yanzu ta kai shafi huɗu, kuma ta ƙunshi hukuncin sunaye, da na shekarar Hijira, da na mai kwafa da mai ajiya, da na abin da ba a ɗorawa a intanet.

Da sauran rina a kaba. Ba mu taɓa shirye-shiryen rediyo ba tukuna, kuma ba mu yanke yadda za a rubuta take da ajami tare da sigarsa ta boko a wuri guda ba. Akwai wani reshe na Zotero mai suna Jurism da aka yi domin harsuna da yawa, za mu gwada shi a kwamfuta ɗaya kafin mu ce komai. Ruwan sama ya hana ni komawa Zango makon jiya. Dattijon ya aiko jikansa ya ce akwai wata gafakar a wurin ƙanwarsa a Idi-Araba, kuma ta yarda in je ranar Talata da hantsi.